Yadda ake ƙara wa nonon uwa ƙarfi domin bakwaini

Bakwainin da bai kai kilo 1.5 ba nonon uwarsa ne abincinsa, don yana ɗauke da sinadaran girma irin su insulin da ke taimaka wa hanjinsa ya nuna. Sai dai furotin da kalsiyam ɗinsa ba sa isar ƙashin da ke saurin girma. Shi ya sa likita ke rubuta garin ƙari, wato garin sinadarai da ake haɗawa da nonon da aka tatsa, galibi idan jaririn ya fara shan mililita 100 kan kowane kilo na nauyinsa a rana.

A wanke hannu, a tatsa cikin kofi mai tsabta har nonon ya yi laushi, domin maiƙon yana fitowa ne a ƙarshe. A auna nonon da aka tatsa da sirinji. Wani garin ƙunshi ɗaya na mililita 25 ne, wani na 50, don haka a karanta jikin takardar. Idan gari ya yi yawa, cikin jaririn kan kumbura.

A haɗa daf da lokacin ba shi. A zafin Gusau ko Birnin Kebbi nono ba ya jira. Kada a tafasa. Ban da zuma, ban da sukari.

A riƙa auna nauyinsa: giram 15 zuwa 20 kan kowane kilo a rana ake so. Koren amai ko jini a kashi, a dakata a kira likita.