Babi na 4: Yadda ake jera hoto da akwati a Word

Darasi na 1

Iyayena da yayyena, yau katin gayyatar suna za mu haɗa, hoton jariri a sama, akwati biyu a ƙasa, ɗaya na rana ɗaya na wuri. Ku duba can sama inda aka rubuta Insert ku danna, sai Pictures, ku zaɓi hoton. To ya shigo, amma da kun kama shi da maus za ku ga ya ƙi zama inda kuke so, yana ta tsalle yana tarwatsa rubutu. Ku kwantar da hankali, ba ku ɓata komai ba, Word ɗin ne yake ɗaukar hoto tamkar harafi ɗaya a cikin layi.

Ku danna hoton sau ɗaya har 'yan ɗigo-ɗigo su zagaye shi. Ta gefen dama daga sama wata 'yar alama za ta fito, ku danna ta ku zaɓi Square. Yanzu ku ja. Ya tafi ko? Madalla, hannu ya fara faɗawa.

Mu sake. Danna hoto, danna alama, Square, sannan ja. Ku faɗa da baki in ya kama. Makon jiya ana ta kira na "Malam hoton ya ƙi", duk kwamfutar da na leƙa ba a yi Square ba, haba jama'a sau nawa zan faɗa? Ba a jan hoto sai an yi Square. Wanda ya rikice ya danne Ctrl ya taɓa Z, abin zai koma yadda yake, sai ya sake daga Square ɗin.

In za ku rage girmansa ku kama ɗigon kusurwa, kar ku kama na gefe, in ba haka ba kan jaririn zai baje kamar faifai.

Darasi na 2

Insert, Shapes, ku zana akwati biyu. Danna na farko, riƙe Shift kar ku saki, danna na biyu. A Shape Format ku nemi Align, ku zaɓi Align Top, za su daidaita ta sama. In hoton ya ƙi zaɓuwa tare da su, kun san me kuka manta.

Darasi na 3

Ku zaɓe su duka da Shift, a Shape Format ku danna Group, sun zama abu guda. Ku gwada a gida.