Kar ki wanke kaskon da kika gasa naman rago

Uwargida, in kin gama gasa haƙarƙarin rago a kasko, kar ki kai shi wajen wanke-wanke tukuna. Wannan ja-jan da ya kama a ƙasan kaskon, nan ɗanɗanon yake, da shi za ki haɗa sos ɗinki, wato romo mai kauri na cin naman, ba sai kin sayo na kwalba ba.

Ki tsiyaye man ki bar kamar cokali 1, ki zuba albasa da tafarnuwa da citta su ɗan yi laushi, sai ki kawo romon nama rabin kofi ko ruwan zafi ki zuba kina kankare ƙasan da muciya har ya narke, ki sa attaruhu da 'yar daddawa da ruwan tsamiya kaɗan ki bar shi ya yi kauri.

Tsamiyar ce ke yanke maiƙon rago, shi ya sa naman baya gundura.

Magi da gishiri a ƙarshe don Allah, ruwan na ƙonewa gishirin na ƙara fitowa.

Amma fa in ƙasan ya ƙone ya yi baƙi ki haƙura, ɗaci zai yi. Kaskon da baya kamu shi ma ba wani abin kirki zai bar miki ba. Kuma a ci da zafi, kitsen rago baya jira yake daskarewa.