Yadda Nake Fitar da Tatsuniya Dandali Don Yara da Matasa da Manya

A bakin kakata, wadda muke kira Iya, na koyi tatsuniya, a tsakar gidanmu cikin birnin Zariya, bayan an ci tuwon dare an kawar da kwanuka. Yanzu ni malamar Hausa ce, kuma shekara 9 ke nan ina haɗa ɗalibaina da matasan unguwa muna fitar da tatsuniya fili, a yi ta da baki da jiki a gaban jama'a. Malamai 'yan'uwana da masu ƙungiyoyin matasa suna yawan tambayata yadda ake shiryawa, shi ya sa na zauna na rubuta abin da hannuna ya taɓa.

Ku fara riƙe wannan: mai tatsuniya ba ya yin ta shi kaɗai. In ya ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ba shi da ikon ƙara ko kalma ɗaya sai an ce masa "Ta zo mu ji ta." Tun daga bakin ƙofa ke nan an nuna rabin aikin na masu sauraro ne. Duk abin da za ku tsara, wurin zama ne ko kiɗa ko shiga, ku tambayi kanku ko zai sa jama'a su buɗe baki su amsa, ko kuwa zai sa su naɗe hannu kamar masu kallon talabijin.

A shekarata ta farko ban gane haka ba. Na rubuta tatsuniyar Ta-kitse kalma bayan kalma, na raba wa yara 12 suka haddace, muka hau dogon dandamalin ɗakin taro da lasifika 2. Yaran sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ba wanda ya manta abin da zai faɗa. Amma tsakaninsu da sahun gaba akwai taku fiye da 10, da aka zo wurin waƙa ba wanda ya amsa, ƙananan da ke baya kuma suka koma wasansu. Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki, domin na san yadda wannan tatsuniyar take sa mu kuka a gaban Iya in an kai inda rana ta fara narkar da yarinyar. Daga ranar na sauko ƙasa, ban sake hawa dandamali ba.

To, wuri. Ku nemi fili mai katanga ko zana a baya, a share a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. A shimfiɗa tabarmi su zagaye mai labari ta ɓangare 3, sahun farko kusa da shi har in ya miƙa hannu ya iya taɓa kan yaro. Ƙanana a gaba, matasa a bayansu, kujeru da benci can baya don dattawa, mata gefe guda maza gefe guda. A bar 'yar hanya a tsakiya, ta nan 'yan wasa za su riƙa shigowa suna ratsa jama'a. Wanda yake kusa da Samaru ya leƙa dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka gina da ƙasa a shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe, da fili a tsakiya da ɗakuna kewaye. Zai ga yadda gini kansa yake kusanta ɗan wasa da ɗan kallo. In taronku bai wuce mutum 70 ko 80 ba, ku bar lasifika a gida, ku bar janareta ma, ƙararsa tana cinye raɗa, tatsuniya kuwa da raɗa take shiga jiki. Fitilar sola 3 ta isa: 2 a ƙasa ta gefe, 1 a rataye.

Lokacin da ya fi mini daɗi shi ne bayan kaka, an kai amfanin gona gida, hunturu bai tsananta ba, a daren 13 ko 14 ga wata sa'ad da farin wata yake tas. A fara bayan sallar isha'i, a tashi kafin ƙarfe 10. In na yara ne zalla a makaranta, dole da rana za a yi. Iya ba ta yarda a yi tatsuniya da rana, takan ce mai yi zai ɓata sai in an ɗaure Gizo. Don haka kafin in fara sai in kira ƙaramin cikinsu ya ƙulla bakin mayafina, mu ce mun ɗaure shi. Yara suna son wannan ƙwarai, kuma yana tara hankalinsu wuri guda. Kafin duk wannan, ku je wurin mai unguwa da limami da ƙafarku, ku faɗa musu labarin da za a yi da lokacin tashi, ku gayyace su. Iyaye ba sa sakin 'ya'yansu mata da dare sai sun ji manya sun san da zancen.

Yanzu zaɓen tatsuniya, nan ne aikin yake. Ku nemi wadda take da abu mai maimaituwa, tafiya sau 3 ko waƙar da take dawowa, domin a maimaicin ne yara suke samun wurin sa baki. Bari in kawo wadda na fi yi, ta Gizo da hankaki, yadda na ji ta. Hankaki suna zuwa cin ɓaure a wata bishiya a tsakiyar kogi. Gizo ya yi ta zuwa gidansu ɗibar wuta, yana kashe ta a hanya ya komo, don dai ya tsinci ɓauren da suka yar. Suka gane, suka tausaya masa, kowanne ya ba shi gashi ɗaya ya yi fiffike. Da aka isa bishiya, duk ɓauren da hankaka ya nufa sai Gizo ya ce nasa ne, shi ya riga gani. Suka yi fushi, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a can. Ya faɗa ruwa, ya tarar da kada, ya ce ai shi ɗan'uwansu ne da ya ɓata tun yana ƙarami, aka sauke shi a ɗakin ƙwai, ya bi ƙwan da dare yana ci.

Ba na rubuta ta kalma-kalma. Ina yanka ta zango-zango ne: ɗibar wuta, ba da gashi, kan bishiya, zare gashi, gidan kada, gudu. Zango 6 ke nan, mai labari ya haddace jerinsu kawai, sauran maganar ta fito daga bakinsa yadda daren ya ba shi. Hankakin kuwa ba ɗalibaina ba ne, yaran da ke kan tabarma ne. Tun a ƙofa ake ba kowane yaro gashi ɗaya da muka yanka da baƙar takarda. In an zo wurin, Gizo ya bi su yana roƙo da tsamin bakinsa, yana ce wa sarki "shayki" kamar yadda Iya take kwaikwayonsa, su soka masa gashin a jikin buhun da ya yafa. In ya fara handama a kan bishiya, ba sai na ce musu komai ba, da kansu suke tasowa su ƙwace gashinsu. Akwai daren da wata yarinya da ba ta fi shekara 5 ba ta ƙi karɓar nata, ta ce in ta karɓa zai mutu. Mai labarin ya tsaya, ya tambayi jama'a ko gashi ɗaya zai iya ɗaukar Gizo, aka yi ta gardama, sannan ya ce da shi Gizo ya faɗo a hankali bai karye ba. Da a rubuce take a haddace, da ba inda wannan yarinyar za ta shiga.

Mai labari shi ne ginshiƙi, ku zaɓe shi da natsuwa. Ba lalle ya zama wanda ya fi kowa surutu ba. Ina neman wanda yake iya yin shiru ya kalli mutane ido cikin ido ba tare da ya ruɗe ba. Ina sa shi ya ba da labarin sau 5 ko 6 ga mutane daban-daban, ƙannensa, abokansa, wata tsohuwa a gidansu, ya dawo ya gaya mini inda aka yi dariya da inda aka fara hamma. Sai mu yi aiki a kan murya: ta Gizo siririya ce mai rawa, ta kura daga maƙoshi take fitowa da haɗama, ta zaki ba ta gaggawa, ta dila kuwa ta malami ce mai auna kalma. 'Yan wasa 3 ko 4 sun isa su tsaya a gefensa, su fito in labari ya kira su, su koma in ya wuce. 'Yan amshi 4 su zauna cikin jama'a, ba a gaba ba, don in sun ɗauki waƙa na kusa da su su bi. A koya wa 'yan kallo amshin tun kafin a fara, sau 2 ko 3, kuma kada ya wuce abin da za a faɗa da numfashi ɗaya.

Kayan kiɗa ba sa bukatar kuɗi. Ƙwarya a kife kan ruwa cikin baho tana ba da sautin kogi, shantu yana raka waƙar 'yan mata, kalangu in an samu mai iya shi yana bin tafiyar Gizo. Shiga ma haka: buhu da ɗigon gawayi ya zama kura, tsohuwar malfa da sanda sun zama manomi. Dodo kaɗai ne ba na yarda a nuna. Wani ya ɓuya bayan zana ya yi magana cikin bakin tulu, muryar ta fito da kauri. Abin da yaro ya zana a ransa ya fi duk abin da za ku ɗinka, kuma ba ya sa ƙanana su firgita su yi ta kuka. Kafin labari a ɗumama wuri da kacici-kacici: ƙulin ƙulifita, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, Baba na ɗaka gemu na waje. Wanda ya kasa ya ba da gari. Ga ƙanana, kowace tatsuniya kada ta wuce minti 12 zuwa 15.

Matasa su ne masu wuya. Yaro ɗan shekara 15 yana ganin ya wuce zama a tabarma ana ba shi labarin Gizo, in kun matsa masa sai ya tsaya can baya da wayarsa. Ba na jayayya da su, aiki nake ba su: kiɗa, fitila, tsaron ƙofa, kwaikwayo. Da yawansu sun yi tashe daga 10 ga watan azumi, sun sa gemun auduga sun yi Tsoho da Gemu ko Jatau Mai Magani, saboda haka jikinsu ya riga ya san wasa, tunatar da shi kawai ake yi. In kuma su ne 'yan kallo, ina kawo musu irin labaran nan da ake ƙarewa da tambaya, samari 3 kowanne ya nuna gwaninta wajen ceton yarinya, wa ya cancanci aurenta? Sai a tsayar da wasa, a naɗa alƙali daga cikinsu, a kafa shari'a. Sau da yawa 'yan matan ne suke tambayar me ya sa ba a ji ta bakin yarinyar ba, daga nan zance ya buɗe har sai na tsayar da shi. Ɗaliban wasan kwaikwayo na jami'ar nan ta Samaru sun daɗe suna kai wasa ƙauyukan kewayen Zariya a yi a tattauna da mutanen gari, dabarar ba sabuwa ba ce.

Manya kuma kunya ce take riƙe su, sukan ce rakiyar yara suka zo. Ku ajiye musu kashi na ƙarshe, bayan ƙanana sun fara gyangyaɗi. Tatsuniyar Ruwan Bagaja, ta 'yar bora da 'yar mowa, tana taɓa matan aure fiye da yadda kuke zato, za ku ji ana "Allah sarki" daga bayan fili. Maza sun fi karkata ga labarin da: Bayajida da macijin rijiyar Kusugu a Daura, Barbushe da Tsumburbura a dutsen Dala, Sarauniya Amina ta Zazzau, ko Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa rundunar Faransa a 1899. Waɗannan ba a buɗe su da "ga ta nan," ba a kuma rufe su da cewa ƙarya ce. A ce "An ce a zamanin da," in akwai ruwaya fiye da ɗaya a faɗa, a bar dattijon da ya san wata ya kawo tasa. A Dogonduci ta Jamhuriyar Nijar an sha yin biki na masu ba da labari mai suna Gatan Gatan, manya ne suke tsayawa a gaban jama'a suna yi, ba wanda yake ganin girmansa ya zube.

Akwai abin da nake cirewa ba tare da shawara da kowa ba. Wasu tatsuniyoyin Gizo suna da batsa, wasu suna mai da makaho ko kuturu ko wata ƙabila abin dariya. A cikin taron da kuka tara akwai mai lalura, akwai Bafulatani, akwai Bagwari, kuma baƙinku ne. Haka nan kada ɗan wasa ya kwaikwayi tafiya ko maganar wani sananne a unguwa. A wasan gauta an kwaikwayi sarki da fadawansa, amma da sanin fada aka yi, ku ba ku da wannan izinin. Kuma in an gama kada malami ya tashi ya ce darasin wannan labari shi ne kaza. Yaron da ya ƙwace gashinsa daga jikin Gizo ya riga ya yanke hukunci da hannunsa.

Rufewa ta mai labari ce: "Ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." In da rana ne, yaron da ya ƙulla mayafin ya zo ya kwance. Samari su naɗe tabarmi, a raba 'yan rakiya layi-layi da tocila, kada yarinya ko ɗaya ta tafi gida ita kaɗai. Ni kuma nakan tsaya wajen tsofaffin matan da ke bencin baya, domin kusan kullum akwai wadda za ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ba haka ake waƙar nan ba." Sai in ce, "To Inna, yaya take?" In durƙusa ta rera mini, in roƙe ta ta zo a wata mai kamawa ta zauna a tsakiyar fili ta yi da bakinta. Mutum 3 daga cikinsu sun riga sun amsa, kuma ɗaya ce za ta buɗe mana da Daskin-da-riɗi a farin watan gobe, in Allah ya kai mu.