Yadda Ake Gano Aikin Ƙwayar Gado ta ifb-1 a Jikin Tsutsar C. elegans

Tsutsar Caenorhabditis elegans, wadda tsawonta kusan milimita 1 ne, tana da ƙwayoyin gado 11 masu samar da furotin na matsakaitan zaruruwa (zaren da ke ba ƙwayar jiki ƙarfi) a ruwan ƙwayoyin jikinta, kuma ifb-1 na cikin waɗanda ba ta rayuwa sai da su. Hanya mafi sauƙi ta sanin aikin ifb-1 ita ce a kashe muryarta, wato a hana ta samar da furotin ɗinta, da tagwayen RNA (RNA mai zare biyu), dabarar da Andrew Fire da Craig Mello suka bayyana a 1998, suka kuma samu kyautar Nobel a kanta a 2006.

Da farko a nemi bakteriyar E. coli nau'in HT115, wadda aka dasa wa wani yanki na ifb-1 a cikin zoben DNA mai suna L4440. A raine ta kwana ɗaya, sannan a shafa ta a farantin kiwon tsutsa da aka sanya wa sinadarin IPTG, domin shi ne ke sa bakteriyar ta fara ƙera tagwayen RNA ɗin. Lallai ne a tanadi faranti na biyu mai bakteriyar da ke ɗauke da L4440 wanda ba a dasa masa komai ba. Idan babu shi, babu abin da za a gwada sakamakon da shi. Daga nan a ɗora tsutsotsin N2 (nau'in asali da ba a sauya ba) da suka kai matakin L4 (na ƙarshe kafin balaga) a kan farantan biyu, domin su ci bakteriyar RNA ɗin ya shiga jikinsu, a ajiye su a digiri 20 na ma'aunin Salshiyas har su yi ƙwai.

Dubawa ita ce wurin da ya kamata a yi haƙuri, kuma a ganina nan ne masu gaggawa suke yin asara. Furotin IFB-1, wanda ifb-1 ke samarwa, yana haɗuwa da 'yan uwansa IFA-2 da IFA-3 a cikin siririyar fatar da ke tsakanin tsoka da ɓawon jiki, inda suke zama tamkar igiyoyin da ke isar da ƙarfin tsoka zuwa waje. Idan igiyoyin suka yi rauni, sai tsoka ta ɓalle da zarar ta fara motsi. Saboda haka a ƙarƙashin madubin ƙara girma za a ga 'ya'yan da suka kasa miƙewa a cikin ƙwai, da waɗanda suka ƙyanƙyashe amma jikinsu ya shanye.

Ƙidayar matattu kaɗai ba ta wadatar ba. A rubuta matakin da kowanne ya tsaya da ɓangaren jikin da tsoka ta saki, sannan a maimaita gwajin aƙalla sau 3, domin ƙarfin RNA da ake ciyarwa yakan bambanta daga faranti zuwa faranti.