Shawara ga masu walda idan annoba ta shigo gari

Assalamu alaikum 'yan uwa masu walda da ƙera tankuna a Gombe. Tun da korona ta shigo Najeriya a Fabrairun 2020 muka ga aikinmu ba ya tsayawa, sai an fita ake samun na cefane. To, a yi shi da lura.

A wuraren ƙera jiragen ruwa, inda ake aiki a matse cikin jirgi, da yawa sun raba ma'aikata rukuni-rukuni, kowanne da lokacinsa. Maigida, kai ma raba yaranka, na safe daban, na yamma daban. In ɗaya ya kamu, ba duka shagon zai kwanta ba. Tanki kuwa mutum ɗaya ya shiga, wani ya tsaya a baki yana lura da shi, fanka na hura iska.

Abin da ya fi damuna gilashin walda ne da ake miƙa wa juna, gumi da numfashin wani duk a jikinsa. Kowa ya mallaki nasa, ko a goge kafin a miƙa. Sanitaiza kuma tana kama wuta. Kada ka shafa ka ɗauki rodi sai hannu ya bushe sarai, kwalbar ma a ajiye nesa da tartsatsi. A bakin aiki sabulu da buta sun fi aminci.

Yaron da ya tashi da zazzaɓi da tari, don Allah ya zauna gida, a ba shi kuɗin ranarsa, in ba haka ba ɓoyewa zai yi. A kira NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, a lambar waya 6232.