Kurakuran da shugabannin sa-kai ke yi a ƙungiyar mashawartan ɗalibai, da yadda ake gyara su

Ƙungiyoyin masu ba ɗaliban jami'a shawara kan karatu, irin su NACADA da aka kafa a Amurka a 1979 da UKAT ta Birtaniya, 'yan sa-kai ne ke ɗauke da su. NACADA tana da ofishi mai ma'aikatan albashi a Jami'ar Jihar Kansas, amma masu jagorantar shiyyoyinta goma, da shugabannin kwamitoci, da masu tantance ƙasidu da shirya taruka, mashawarta ne da malamai masu cikakken aiki a makarantunsu. Duk awa guda da suka ba ƙungiya aro suka yi, ko daga ɗalibansu, ko daga ofis, ko daga iyali. Mafi yawan kurakuran da ake yi a wannan shugabanci daga manta wannan aron suke tasowa.

Kuskuren farko ana yin sa ne tun kafin a kama aiki: a amsa tayin muƙami nan take saboda jin nauyin wanda ya yi tayin. Takardar bayanin aiki za ta ce ana zama sau ɗaya a wata, amma ba za ta faɗa maka imel nawa ke biyo bayan kowane zama ba, ko cewa makonni shida kafin babban taro aikin yakan ninka. Kafin ka ce to, nemi wanda ke kan kujerar yanzu ka yi masa tambayoyi uku: awa nawa yake kashewa a wata idan abubuwa sun lafa, awa nawa a watan da ya fi zafi, kuma wane wata ne wannan. Sai ka ɗora amsarsa a kan kalandar makarantarku. Idan watan zafin ƙungiya ya faɗo a kan makon rajistar kwasa-kwasai, ko karɓar sababbin ɗalibai, ko lokacin da sakamakon jarrabawa ya fito ana zama da waɗanda makinsu ya yi ƙasa, to ka san inda za a yi karo. Wannan ba abu ne da ke faruwa jifa-jifa ba. A Amurka da Kanada tarukan shiyya na NACADA sukan zo tsakanin Fabrairu da Mayu, babban taron shekara kuma wajen Oktoba, kuma a waɗannan lokutan ne ɗaliban makarantu da yawa ke cika ƙofar mashawarci don zaɓen darussan zango mai zuwa.

Daga nan sai shugabanka na wurin aiki. Mutane da yawa sukan sanar da shi bayan an riga an zaɓe su, sai ya ji kamar an yi masa shigo-shigo ba zurfi. Ka same shi tun da wuri, ku daddale abubuwa huɗu: awa nawa na lokacin ofis aka yarje maka, kwana nawa za ka yi tafiya a shekara, wa zai biya kuɗin rajistar taro da masauki, kuma wa zai ga ɗalibanka idan ba ka nan. Bayan kun gama ka aika masa da gajeren imel mai ɗauke da abin da kuka amince a kai. Shugabannin sashe suna canjawa, wa'adin ƙungiya kuma yakan kai shekara biyu ko uku, wannan rubutun shi zai tsaya maka a gaban sabon shugaba.

Sai kuma yadda ake neman masu taimakawa. Sabon shugaban kwamiti yakan aika saƙo ɗaya ga mutum ashirin yana cewa duk mai sha'awar taimakawa ya yi magana. Kowa ya karanta, kowa ya ɗauka wani zai amsa, shiru. Bayan mako biyu shugaban ya gaji da jira ya yi aikin da kansa, a zama na gaba kuma ya iske mutane sun ragu, domin wanda ba a ba shi komai ba ba ya ganin dalilin zuwa. Gyaran shi ne a roƙi mutum ɗaya da sunansa, a ba shi aiki ɗaya mai iyaka: "Hajiya, ko za ki iya duba mana ƙasidu takwas kafin ranar 20 ga wata? Kowacce ba za ta wuce minti ashirin ba, ga takardar ma'aunin da za ki bi." A cikin wannan roƙo akwai girman aikin, da ranar gamawa, da kayan aiki, kuma an bar mata ƙofar cewa a'a ba tare da jin kunya ba.

Idan wanda ya karɓi aiki ya yi shiru, kada ka yi masa irin tunin da ake yi wa ma'aikacin da ke ƙarƙashinka, don ba kai ke biyansa ba. Tuni biyu sun isa, na biyun ta waya. Idan abin bai motsa ba, ka karɓe aikin cikin mutunci, ka ce masa ka san zangon nan ya yi masa nauyi, za a neme shi a wani karon. Barin aikin a hannunsa don gudun ɓacin rai shi ke sa a wayi gari saura kwana uku taro ba a buga jadawali ba.

Zaman kwamiti ba ya buƙatar dogon bayani. Ajanda ta fita mako guda kafin zama, zama kada ya wuce awa ɗaya, rahoton da za a iya karantawa a tura shi tun kafin a haɗu. A ƙarshe a rubuta abu uku kan kowace shawara: me za a yi, wa zai yi, yaushe. A tura cikin kwana biyu. Idan mambobi suna ƙasashe masu bambancin agogo, a riƙa juya lokacin, kada kullum mutum ɗaya ne ke tashi da tsakar dare.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari, ga shi kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa, shi ne kawo labarin ɗalibi a bita ko a ƙasida. Mashawarta suna koyo ne daga misalan gaske, saboda haka mai gabatarwa yakan cire suna ya ɗauka ya rufa asiri. Cire suna bai isa ba. Idan aka ce ɗaliba ce 'yar aji uku a sashen da mata biyu ne kacal, ta dawo daga jinya, ta faɗi kwas kaza, duk wanda ya san makarantar ya gane ta. A Amurka dokar FERPA ta 1974 ce ke kare bayanan karatun ɗalibi, a Tarayyar Turai kuma dokar GDPR da ta fara aiki a 2018, amma ko a inda doka ba ta yi tsanani ba, amana ce ɗalibin ya ba mashawarcinsa a cikin ofis. Shugaban da ke shirya bita shi ke da alhakin duba allunan gabatarwa kafin ranar. Ya tabbata an canja sashe da shekara da duk abin da ba shi ne darasin ba, ko a haɗa labarin ɗalibai da dama ya zama misali ɗaya a kuma faɗa wa masu sauraro haka. Hoton shafin kwamfuta mai nuna makin ɗalibi kada ya shiga ko da an shafe sunan, domin lambar rajista takan maƙale a wani lungu. In za a naɗi zaman, a sanar tun farko, saboda a lokacin tambayoyi ne mutane ke sakin baki da labaran ɗalibansu.

Akwai kuma wuce gona da iri a kan iko. Shugaban shiyya ko na kwamitin taro ba lallai ne yana da hurumin sa hannu a yarjejeniyar otal ko zauren taro ba. Irin wannan yarjejeniya takan ƙunshi alƙawarin cika adadin ɗakuna, idan mahalarta suka gaza a biya gibin, kuma wanda ya sa hannu ba da izini ba zai iya tsintar bashin a wuyansa. Ka karanta kundin tsarin ƙungiya ka san wa ke sa hannu, nawa za ka iya kashewa ba tare da neman izini ba, da ranar ƙarshe ta miƙa rasit ga ma'aji. Haka nan idan kamfanin manhajar bibiyar ɗalibai ya yi tayin ɗaukar nauyin taro, ka miƙa maganar ga ofishin ƙungiya, musamman in makarantarku tana ciniki da shi. Idan ƙasidar abokin ofishinka ko takardar neman lambar yabo ta wanda ka horar ta zo gabanka don tantancewa, ka janye hannunka, wani ya duba.

Wajen cike kujerun kwamiti, sauƙi yakan ja shugaba zuwa ga waɗanda ya sani, galibi daga manyan jami'o'i masu kuɗin tafiya. Sai a shirya bita a kan ofis mai mashawarta goma sha biyar, alhali a zauren akwai wanda shi kaɗai ne a ƙaramar kwaleji, da malamin da ke haɗa koyarwa da ba da shawara. Ka duba jerin mambobinka ta fuskar girman makaranta, da irin aiki, da daɗewa a sana'ar. NACADA ta fara wani shiri a 2007 da ke haɗa mai tasowa da gogaggen jagora na tsawon shekara biyu, kuma ƙaramin kwamiti ma zai iya kwaikwayon haka ta hanyar haɗa sabo da tsoho a kowane aiki.

Miƙa ragama kuwa ranar kama aiki ake fara shirinsa. Abin da ya fi ɓata shi shi ne ajiye takardun ƙungiya a imel ɗin makaranta: mutum ya canja wurin aiki, a rufe asusun, jerin masu jawabi da kasafin bara su tafi ke nan. Komai ya zauna a ma'ajiyar ƙungiya ta intanet, mutum biyu aƙalla su san hanyar shiga. Ka buɗe takarda guda kana rubuta abin da ake yi wata-wata, wa ake tuntuɓa kan me, da alƙawuran da aka ɗauka ba a cika ba tukuna. Wata shida kafin wa'adinka ya ƙare, magajinka ya fara shiga cikin saƙonnin da kake aikawa, ya jagoranci zama biyu na ƙarshe kana zaune a gefe. Bayan ka sauka ku tsayar da wata uku da zai iya kiranka da tambaya, a canja kalmomin sirri a makon farko, a kuma cire sunanka daga jerin masu amincewa da kashe kuɗi.