Yadda Ake Cin Moriyar Zama da Malamin da Ke Duba Kundin Digirin Digirgir

Ɗalibin da ke zaune a Agege ko Mile 12, yana karatu a Jami'ar Legas da ke Akoka ko Jami'ar Jihar Legas a Ojo, ya san zuwa ganin malami kan cinye rabin yini a gosulo. Asara ce a sha wannan wahala sannan a ji "ban samu na karanta ba".

Da farko, miƙa babin mako biyu kafin ranar zama. Babi ɗaya, ba uku ba. Tambayi malam ko a kwamfuta yake son karatu ko a takarda. Da yawa har gobe da jan biro suke gyara. In haka ne, ka buga da tazara biyu tsakanin layuka don ya sami wurin rubutu.

Sai ka ɗora shafi guda a sama: abin da babin ke son tabbatarwa, cikin jimla biyu, da tambayoyin da ba su wuce uku ba. Nan ɗalibai suka fi yin sake. "Malam, a duba mini" ba tambaya ba ce, kuma abin da takan jawo shi ne gyaran waƙafi da aya, hujjar kuwa ba a taɓa ta ba. Ka ce: "Ranka ya daɗe, hirarraki 30 ɗin nan sun isa su ɗauki da'awar da ke shafi na 14?" Wannan dole ta sa shi ya buɗe shafin.

Ranar zama, tura saƙo kafin ka hau mota. A ofis ka rubuta komai, ka rage gardama. In gyara bai kwanta maka ba, nemi dalili, ka kawo amsarka a rubuce daga baya.

Kafin ka kwanta a daren, aika imel mai ɗauke da abin da aka amince a kai da ranar da za ka mayar da gyara. In malamai biyu ke duba ka, kowa ya samu. Malami mai ɗalibai da yawa na iya mancewa bayan wata uku, har ya ce a maido abin da shi ya sa aka cire.

Saboda haka kada ka goge komai. Kowane gyara da sabon fayil mai kwanan wata, kwafi ɗaya a Google Drive, ɗaya a filasha wadda ba jaka ɗaya take da kwamfutarka ba.